Girkin Gida Daga Damina Zuwa Bazara: Tambayoyi da Amsoshi

Shekara da shekaru ina amsa tambayoyin amare da uwayen gida a kan girki, wasu a gidan biki, wasu ta waya, wasu kuma 'ya'yan 'yan'uwa ne da akan kawo mini su koyi tuƙin tuwo kafin a kai su ɗaki. Na lura yawancin kukan da ake kawo mini, tun daga ƙullun da ya ƙi tashi har naman layyar da ya yi wari, tushensu ɗaya ne: ana girki ba a duba lokacin da ake ciki. Shi ya sa na tattara tambayoyin da suka fi maimaituwa. Ni 'yar ƙasar Kano ce, maganata za ta fi karkata can. In a garinku ana yi daban, ki riƙe na gidanku.

Wai da gaske kowane lokaci yana da abincinsa? Ai yanzu komai akwai a kasuwa.

Akwai kam, amma da tsada, kuma ɗanɗanon ba ɗaya ba. Shekara a madafa kashi huɗu ce. Damina, daga wajen Yuni zuwa Satumba, ita ce ta ɗanyen ganye da nono da man shanu. Kaka, Oktoba da Nuwamba, sabon hatsi ya shigo gida. Hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, kayan lambun noman rani sun cika kasuwa, ga rake, ga alkama a gona. Sai bazara, Maris zuwa Mayu, zafi ya kai maƙura, abinci ba ya jimiri. A Maraɗi da Damagaram ruwa yakan makara ya kuma ɗauke da wuri, a Zariya yakan riga sauka, don haka kowa sai ta gyara lissafin da sararin garinsu.

Kakata, Allah Ya jiƙanta, kullum tana gaban shekara da zango ɗaya. Miyar da za mu sha a bazara tun kaka take shanya ta. Itacen da za a hura a watan marka tun rani yake jibge a rumfa. In ka tambaye ta dalilin wannan wahala sai ta ce ba a fafe gora ranar tafiya. Duk amsoshin da ke ƙasa, in kin duba, daga wannan ɗabi'a tata suka fito.

Damina ta sauka. Me ya kamata in fi dafawa?

Ganye, 'yar'uwa, ganye. Rama, zogale, tafasa, yakuwa, alayyahu, lalo, karkashi, da ɗanyar kuɓewa. A wannan lokaci suna da araha, wasu ma a bayan gida suke fitowa ba wanda ya shuka. Iyayenmu ba don marmari kawai suke cinsu ba. Watannin Yuli da Agusta su ne lokacin da rumbu yake yin ƙasa, sabon hatsi kuma bai nuna ba, ga aikin gona ya yi tsanani. Ganye ne yake riƙe gida: ɗan tsaki kaɗan, yakuwa da alayyahu da yawa, gyaɗa dakakkiya, an sami fate da zai ƙosar da mutum goma. Ina jin takaici in na ji ana kiran fate da kwaɗo abincin talaka da sigar raini, alhali su ne suka tsallakar da kakanninmu shekarun yunwa.

Kwaɗon rama ba shi da wuya, amma akwai inda ake kuskure. Ki tsinke ganyen, ki wanke yashin sosai, ki dafa har ya yi laushi. Ki zubar da ruwan, in tsamin ya yi yawa ki sake ɗauraye shi, sannan ki matse da hannu har sai ya daina ɗiga. Wanda bai matsu ba shi ne yake jiƙa garin ƙuli ya zama caɓi. Sai ƙuli-ƙuli dakakke mai yawa, albasa, barkono, gishiri, da ɗan man gyaɗa. Tafasa ta fi rama son daɗewa a wuta, kada ki yi mata gaggawa.

Damina ce kuma lokacin ƙwan zabi, don zabi ba su cika yin ƙwai ba sai ruwa ya sauka. Shanu sun ƙoshi da ɗanyar ciyawa, nono ya yi kauri, man shanu ya yi arha. Ki saya ki soya shi da albasa har ruwansa ya ƙone, ki tace a kwalba busasshiya. Soyayyen man shanu yakan yi watanni.

Yarana sun ji ina maganar tumu, ba su san shi ba. Yaya ake yin sa?

Tumu zangarniyar sabon gero ce da aka karyo tun ƙwayar ba ta bushe ba, wajen ƙarshen Agusta zuwa Satumba, don gero shi ne hatsin da ya fi saurin nuna. A kan garwashi ake gasa shi, ana jujjuyawa har ya fara ƙamshi yana ɗan fashewa. Sai a murje shi da tafin hannu a kan faifai, a hure ƙaiƙayin, a watsa a baki da ɗuminsa. Har yau in na ji ƙamshinsa ina tuna mu zaune a gindin murhu da yamma, ana yayyafi, hannuwanmu duk baƙin toka. Ki sa wani daga ƙauye ya kawo miki ko zangarniya biyar ce. Kwanakinsa kaɗan ne, in gero ya bushe shi ke nan sai baɗi. Tare da shi gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa da gurjiya suke zuwa.

Me zan shanya da kaka, kuma a rana ko a inuwa?

Ki raba su biyu. Ganye, wato kuka da zogale da yakuwa da rama, a inuwa mai iska ake shanya su, a baza su siriri a kan tabarma. Rana tana ƙone launin, ta rage ƙamshi da amfani. In kin ga garin kuka ya yi jaja-jaja kamar ƙasa, ko dai rana ta dake shi ko ya tsufa. Mai kyau kore ne shar. Ita kuwa kuɓewa da barkono da kabewar da aka yanka siri-siri, rana suke so, kuma su bushe da sauri kafin su yi baƙi. Kuɓewa ki zaɓi matasa, wadda ta ƙosa zare ne kawai. Kada ki daka duka lokaci ɗaya. Ki ajiye ta a yankakkiyarta, ki riƙa daka ta mako-mako, yauƙinta ya fi tsayawa.

Zoɓo ma da kaka ake cire shi, kuma a lokacin ya fi arha, musamman wanda ake kawowa daga Jigawa. Haka hatsi. Mai hali ya sayi na shekara a lokacin, ko a Dawanau ko a kasuwannin ƙauye, kafin farashi ya fara hawa. Gero ne yake fara shigowa, dawa sai wajen Nuwamba zuwa Disamba. Abu ɗaya da amare ba su sani ba: sabon hatsi bai kai tsoho shan ruwa ba. In kin saba da ma'aunin ruwan tsohuwar dawa, ki rage, in ba haka ba tuwon zai saki.

Wakena yana yin ƙwari kafin wata biyu. In sa masa magani?

Don Allah kada ki zuba fiya-fiya ko wani maganin feshi a abin da za a ci. An sha kwasar gida guda zuwa asibiti saboda wannan. Ƙwaron wake iska yake buƙata, in kin hana shi iska ya mutu. Ki shanya waken ya bushe ƙarau, ki cika jarka mai tsabta har baki, ki toshe murfin da leda, kada ki buɗe sai kin tashi amfani. Akwai kuma buhun nan mai ciki uku da ake sayarwa don wannan aiki. Tsofaffi kuwa da toka ko busasshen barkono suke cuɗe shi, kuma yana yi in waken ba shi da yawa.

Gyaɗa da masara nasu ciwon daban ne. In an ajiye su da danshi suna yin fumfuna, fumfunar nan kuma tana haifar da guba mai lahanta hanta, wadda dafuwa ba ta kashewa. Duk ƙwayar da ta canza launi, ko ta yanƙwane, ko take ɗaci, ki tsince ki zubar. Kada a ce asara ce a niƙa ta a ƙuli ko kunun yara.

Ƙullun wainata yana tashi lafiya da zafi, amma da hunturu sai ya kwanta. Me ke faruwa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace zuwa mini daga Disamba. Yis abu ne mai rai, ɗumi yake so. A bazara, lokacin da zafi yake haura digiri 40, ƙullu yakan tashi cikin awa biyu ko uku, in kin yi sakaci ma ya zarce ya yi tsami. Da hunturu kuwa, da dare sanyi yana saukowa ƙasa da digiri 15, sai yis ɗin ya yi likimo. Bai mutu ba, barci yake.

Ga yadda nake yi. Shinkafar tuwo gwangwani huɗu, in jiƙa uku tun rana, in dafa ɗaya ta yi lugub. In haɗa su a kai niƙa da albasa, ba tare da an cika ruwa ba. Yis ɗin ba na zuba shi a bushe da sanyi. Ina kaɗa shi a ruwa mai ɗumi, irin wanda za ki iya yi wa jariri wanka da shi, da ɗan sukari, in jira ya yi kumfa. In bai yi kumfa ba cikin minti goma, yis ɗin ne ya lalace, ki sake wani tun kafin ki yi asarar shinkafa. Ruwa mai zafi sosai kuwa kashe shi yake yi. Bayan na haɗa, sai in rufe robar, in naɗe ta da tsohon bargo, in ajiye kusa da murhun da aka gama girkin dare, ba a kan siminti ba, don siminti yana zuƙe ɗumi. Da asuba za ki tarar ya cika yana huci.

Mutanen da, kafin yis na leda ya yawaita, ragowar ƙullun jiya suke bari a gindin tukunya ya tayar da na yau, wasu kuma su sa nono mai tsami. Wainar da aka yi haka tana da wani ɗanɗano da ta yis ba ta kamo shi. In tsamin ya so ya yi yawa, ɗan ruwan kanwa yana daidaita shi. Ki zuba kaɗan-kaɗan kina ɗanɗanawa, in ya zarce wainar ta yi ja tana warin kanwa. Duk wannan bayani ya shafi sinasir da funkaso da alkubus.

Gargaɗi ɗaya da ba zan tsallake ba: kada sanyi ya sa ki shigar da kaskon gawayi ɗaki ki rufe ƙofa, ko don ƙullu ko don jin ɗumi. Gawayi yana fitar da iska mai kisa wadda ba ta da wari.

Ba ni da tanderu, ba ni da oba. Zan iya gurasa da gireba a gida?

Za ki iya. Gurasar gaske dai ta tanderu ce, irin wadda matan Jakara suka shahara da ita a cikin birnin Kano: a hura kara a cikin tanderun ƙasa har ya yi zafi, a jiƙa hannu, a ɗebo kwaɓin a manna a jikin bangonsa, a rufe. Wannan ƙamshin hayaƙi da ɗan ƙonewar gefe ba a samunsu a wani wuri. Amma ta gida ma tana ciyuwa. Ki kwaɓa fulawa da yis da gishiri da ɗan sukari, kwaɓin ya fi na burodi ruwa, ya fi na fanke tauri. In ya tashi, ki ɗora kasko mai kauri a wuta kaɗan, ki zuba, ki baza da jiƙaƙƙen hannu, ki rufe. In saman ya bushe ya yi huji-huji sai ki juya. Ki yayyafa mata ruwan ɗumi, ki barbaɗa garin ƙuli da yaji, ki zuba mai da albasa da tumatur, kin sami bandashe.

Gireba da kek kuwa, tukunya da yashi. Ki zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya kamar kaurin yatsu uku, ki rufe ya yi zafi, ki jera gwangwanayen a kai, ki mayar da murfi, ki ɗora garwashi kaɗan a saman murfin. Wutar ƙasa ta zama kaɗan. Yawan buɗewa shi ne yake sa kek ya faɗa.

Yaushe ya fi dacewa a yi alkaki da nakiya da dubulan na gara?

In da zaɓi, da rani. Iskar hunturu busasshiya ce, alkaki yakan tsane ya yi ƙaras, sukarin ya kama jikinsa. Da damina iska cike take da danshi, sukari kuma yana jawo danshi, sai ki ga dubulan ya yi laushi yana naso cikin kwana kaɗan. In biki ya faɗo a damina, ki dafa sukarin ya ƙara kauri, ki matsa lemon tsami ko ki sa ruwan tsamiya, ki bari kayan su huce sarai kafin a rufe, kuma kada a yi su da wuri sosai. Nakiya ce mai haƙuri a cikinsu. In garin shinkafar ya soyu, an sa citta da kanumfari da masoro, an daka ta da zuma ko sukari da man shanu har ta haɗe, takan yi watanni ba ta canza ba.

Alkamar alkaki ta gida ake nema, ba fulawa ba. Ana shuka ta da sanyi a filayen ban ruwa irin na Kadawa da Kura da kwarin Haɗeja, a girbe wajen Maris. A lokacin ki sayi taki. Ɓarza ta ake yi, kada mai inji ya niƙe miki ita ta yi laushi.

Me ya sa tumatur yake arha da sanyi, ya yi tsada da damina?

Tumatur ɗin Arewa na noman rani ne, sanyi yake so. Daga Janairu zuwa Maris kwanduna suna cika 'Yankaba har wani yana ruɓewa. Da zafi ya tsananta, ruwa kuma ya biyo baya, sai ya ja baya. Wani lokaci ƙwari su ƙara, kamar a 2016 da tsutsar nan da manoma suke kira sharon ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa. A shekarar, gidan da yake da kauɗa, wato busasshen tumatur, shi ya sha miya hankali kwance. Ki yanka tumatur ɗin biyu, ki shanya a kan tabarma ko buhu a wuri mai tsayi, ba a ƙasa ba, ki lulluɓe da yadi mai shara-shara saboda ƙurar hunturu. Ko ki niƙa da tattasai, ki dafa har ruwan ya ƙone, ki zuba a kwalabe masu murfi, ki sake tafasa kwalaben a ruwa. Albasa ma, ta Aliero ko ta Galmi, da rani take arha. Ita iska take so, kada ki tara ta a buhun leda.

Da bazara abinci yana lalace mini kafin dare, ga wuta ba ta samuwa.

Ki rage yawan abin da kike dafawa, ki bar abinci mai wake da mai gyaɗa ya zama na ci yanzu, don su suka fi saurin juyawa. Miya in za ta kwana, ki tafasa ta da dare ta tafasa sosai, ki rufe, kada wanda ya ƙara sa ludayi. Tuwon ɗumame ki ajiye shi inda iska take shiga. Da rana kuwa ciki ba ya son nauyi: fura, farau-farau, kunun zaƙi, zoɓo, ruwan tsamiya, ga mangwaro ya nuna. Randar ƙasa a inuwa, an kewaye gindinta da jiƙaƙƙen yashi, tana ba da ruwan da ya fi na firji kwanciya a ciki. Nono yakan yi ƙaranci don shanu sun yi kudu neman ciyawa, shi ya sa za ki ji ana haɗa shi da garin 'ya'yan kuka.

Bazara ce kuma lokacin ɗorawa. Daga kalwarta ake yin daddawa: a dafa wuni guda, a surfe, a wanke, a sake dafawa, a rufe kwana biyu zuwa uku ta ruɓa, a daka, a shanya. Sabuwar daddawa a lokacin take fitowa, ki yi guzurin ta damina.

Wane kunu ya dace da wane lokaci?

Da sanyi koko mai citta da kanumfari, ko kunun gyaɗa, ko na kanwa. Da zafi kunun tsamiya da na aya. Kunun kanwa dai a yi hattara da shi wajen mai jego. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shansa, haɗe da wankan jego mai tsananin zafi, da ciwon zuciyar da yake kama mata bayan haihuwa. A sa kanwar kaɗan, mai hawan jini kuma ta haƙura da shi.

Abincin azumi fa? Ai shi ba ruwansa da damina ko rani.

Da ruwansa. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kwana 10 zuwa 11, don haka azumi yana zagaya lokutan shekara, ya dawo inda ya taso bayan kimanin shekara 33. A 2016 a farkon Yuni aka ɗauki azumi, a 2025 a farkon Maris, yanzu kuma cikin sanyi yake ƙara shiga. Mun yi shekaru muna azumin zafi, inda hankalin kowa yake kan ƙanƙara da zoɓo da kankana. Azumin hunturu yunwa ce matsalarsa fiye da ƙishirwa. Kunu mai zafi da ƙosai za su dawo da martabarsu wajen buɗa baki, sahur kuma a koma tuwo da ɗumame, masu riƙe ciki. Ga kayan miya da arha a lokacin. Sai dai mai wainar sallah ta tuna da maganar bargo da murhu.

Naman layyarmu ya taɓa yin wari a kwana na uku. Ina kuskuren?

Mu ma ya taɓa faruwa da mu, a 2019, da Babbar Sallah ta zo cikin Agusta ana tsakiyar marka. Mun rataye naman kamar yadda aka saba, iska ba ta busar da shi ba, washegari cinya ɗaya ta fara canzawa ta wajen ƙashi. Al'adar barin rago ya kwana a rataye ta dace da lokacin sanyi da busasshiyar iska. Da damina ko bazara, ranar da aka yanka a ranar za a fara aiki. Kayan ciki su ne farko. Sauran a yanka ƙanana, a tafasa da gishiri da citta da albasa har ruwan ya tsotse, a soya a kitsensa har kumfar man ta kwanta, alamar ruwa ya ƙare ke nan. A baza ya huce sarai kafin a rufe. Soye mai ɗumi in aka rufe shi yana yin gumi, gumin nan ne yake kawo fumfuna. Kilishi na rani ne, da damina ƙyafe a kan wuta ya fi. Mutanen Nijar suna da dabara mai kyau: a ranar sallah suke buɗe ragon a jikin sanduna, su jera kewaye da babbar wuta, ya gasu a hankali har dare.

Kada ki manta da rabon cika-ciki. A gidanmu jelar ragon da ƙafa ɗaya ake ƙyafewa su bushe, a rataye a madafa inda hayaƙi yake bugunsu, har wata guda, zuwa daren goma ga Muharram. Ranar sai a jiƙa su tun safe, a wanke hayaƙin da ruwan zafi, a jefa a miyar taushe ko ta kuka, a tuƙa tuwo mai yawa, a aika wa maƙwabta, yara kuma a ce musu yau kowa ya ci har ya ture.